Tsadar Wasannin Bidiyo: Daga Dala 60 Zuwa 80, Da Yadda Lissafin Ke Kayawa A Bwari

BWARI, Abuja — A ranar 5 ga watan Yuni na 2025 kamfanin Nintendo na ƙasar Japan ya fito da sabuwar na'urarsa ta wasannin bidiyo mai suna Switch 2, tare da wani wasan tseren motoci, Mario Kart World, wanda ya yanke wa farashin Dalar Amurka 80 ba santi ɗaya. Wannan ne karo na farko a wannan zamani da ɗaya daga cikin manyan kamfanonin nan uku masu ƙera na'urorin wasa, wato Nintendo da Sony da Microsoft, ya nemi kuɗi har haka a kan wasa guda wanda ba a ƙara masa wani armashi ba. A canjin wancan lokaci, na Naira 1,500 da 'yan kai a kan kowace Dala, kuɗin ya haura Naira 120,000, alhali kuwa mafi ƙarancin albashin ma'aikaci a Nijeriya, wanda Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya sanya wa dokarsa hannu a watan Yuli na 2024, Naira 70,000 ne a wata.

Tun daga lokacin ake ta kai ruwa rana tsakanin masu ƙera wasannin da masu sayensu a kan tambaya guda: shin ya dace wasan da aka kashe wa ɗaruruwan miliyoyin Daloli ya fi sauran tsada? Galibin muhawarar a Amurka da Turai da Japan ake yin ta, kuma da aljihun mutanen can ake auna ta. Amma sakamakonta yana isowa har cikin ƙananan shagunan nan da matasa ke kira gidan gem, waɗanda ba a rasa su a garin Bwari da Kubwa da Dutse Alhaji.

Bwari na ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi shida na Babban Birnin Tarayya, an kuma ƙirƙiro ta a 1996. A nan ne hedikwatar hukumar JAMB mai shirya jarrabawar shiga manyan makarantu take, haka nan hedikwatar Makarantar Horar da Lauyoyi ta Nijeriya wadda aka dawo da ita daga Legas a 1997, ga Jami'ar Veritas, ga kuma sansanin horar da masu yi wa ƙasa hidima a Kubwa. Daɗin daɗawa, yankin ya zama matattarar ƙananan ma'aikata waɗanda kuɗin haya ya koro daga tsakiyar birni. Wannan ya sa matasa suka yi yawa, masu ilimi da sha'awar abin da duniya ke yayi, amma aljihunsu bai taka kara ya karya ba.

A irin wannan kasuwa ba a sayen wasa dungurungum, tsintarsa ake yi. Mai shago shi ke sayen na'urar PlayStation, sau da yawa ta hannu, daga irin kantunan Banex da ke Wuse, ya haɗa da talabijin da benci da janareta, sannan ya riƙa sayar da wasan ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda mai shayi ke sayar da madara cokali-cokali. Ƙwallon ƙafa ita ce uwar ciniki, tun zamanin Winning Eleven na kamfanin Konami a kan PlayStation ta biyu, har zuwa FIFA na kamfanin EA na Amurka, wanda ya koma EA Sports FC a 2023 bayan kamfanin ya raba gari da hukumar ƙwallon ƙafa ta duniya. Al'adar da aka saba ita ce wanda aka ci shi ke biya. Wasannin nan masu dogon labari, waɗanda mutum ɗaya kan kwashe awa arba'in ko hamsin yana bi, ba su dace da benci mai layi ba, sai dai irin su Mortal Kombat da Grand Theft Auto da ake iya yanka wa lokaci. Saboda haka duk abin da aka yanke a Tokyo ko Kalifoniya, mai shago ne ke fara jin nauyinsa kafin ya rarraba wa abokan cinikinsa.

Hujjar masu ƙera wasannin ba ta da wuyar fahimta, kuma akwai ƙamshin gaskiya a cikinta. Farashin Dala 60 ya zauna ne tun 2005 zuwa 2006, lokacin da na'urorin Xbox 360 na Microsoft da PlayStation 3 na Sony suka shigo kasuwa, bai kuma motsa ba har shekara goma sha biyar. A 2020 ne kamfanin Take-Two na Amurka ya fara ƙetare iyakar, ya sanya wa wasan ƙwallon kwando NBA 2K21 na sababbin na'urori Dala 70. Sony ya bi sahu a watan Nuwamba na shekarar da fitowar PlayStation 5, sannan Microsoft da Nintendo suka biyo baya a 2023. Idan aka yi la'akari da hauhawar farashi a Amurka, abin da Dala 60 ke saye a 2005 sai an ba da kusan Dala 100 a 2025. Ta wannan lissafi, ko Dala 80 ɗin ma rangwame ce. Tsofaffin ma'abota wasan kuma suna tuna cewa a zamanin kaset, kamfanin Sega ya sayar da wasan Virtua Racing a kan Dala 100 a 1994.

Kuɗin ƙera wasa kuwa ya yi tashin gwauron zabo. Kamfanonin kan ɓoye abin da suke kashewa kamar yadda falke ke ɓoye uwar kuɗinsa, amma asiri ya tonu har sau uku cikin shekara biyu. A watan Yuni na 2023, yayin shari'ar da hukumar kula da cinikayya ta tarayyar Amurka ta yi da Microsoft a kan sayen kamfanin Activision, Sony ya miƙa wa kotu wasu takardu da aka shafe alƙalumansu da baƙar tawada, amma shafar ba ta kama ba. Nan aka ga cewa wasan Horizon Forbidden West ya ci Dala miliyan 212 cikin shekara biyar, da ma'aikata fiye da 300, shi kuwa The Last of Us Part II ya ci Dala miliyan 220. A watan Disamba na shekarar, masu kutse suka kwashe takardun kamfanin Insomniac, mallakar Sony, suka baza su a intanet, aka ga cewa Spider-Man 2 ya lashe kimanin Dala miliyan 300, kusan ninki uku na wanda ya gabace shi na 2018. Sannan a farkon 2025 wata takardar kotu ta nuna cewa Activision ya kashe fiye da Dala miliyan 700 a kan Call of Duty: Black Ops Cold War, tun daga ƙera shi har zuwa ɗawainiyarsa bayan ya fito.

Domin a gane girman abin, Dala miliyan 300 a canjin Naira 1,500 ta kama Naira miliyan dubu 450, wato ta ɗara kasafin kuɗin Jihar Kano na 2024 kamar yadda aka sanya masa hannu, na Naira miliyan dubu 437. Wasa guda ke nan.

Mafi yawan waɗannan kuɗi a albashi suke tafiya. Na'urorin yanzu suna iya nuna gashin gira da ƙurar hanya da inuwar ganye, kuma kowane ɗaya sai an sami masu zane da masu rubuta manhaja da 'yan wasan kwaikwayo da makaɗa sun zauna sun yi shi, ɗaruruwansu, shekara biyar ko shida, ba tare da an sayar da ko kwafi ɗaya ba. Mista Shawn Layden, tsohon shugaban sashen ƙera wasanni na Sony, ya yi gargaɗi tun a 2020 cewa kuɗin ƙera manyan wasanni yana ninkawa da fitowar kowace sabuwar na'ura, alhali farashi yana nan inda yake, kuma wannan tafiya ba mai ɗorewa ba ce. Idan wasa ya faɗi kuwa, faɗuwar ba ta da kyan gani. Sony ya fito da wasan Concord ranar 23 ga Agusta na 2024 bayan shekaru ana aikinsa, ya janye shi daga kasuwa, ya rufe shi ɗungurungum ranar 6 ga Satumba, ya mayar wa jama'a kuɗinsu, ya kuma rufe kamfanin Firewalk da ya ƙera shi. A 2023 da 2024 an sallami ma'aikata fiye da dubu goma a kowace shekara a wannan sana'a, cikinsu har da 1,900 na Microsoft a watan Janairu na 2024 da 900 na Sony a watan da ya biyo.

Da ruwan ciki ake jan na rijiya, in ji masu kamfanonin. Sai dai akwai abubuwan da wannan hujja ta tsallake, kuma ba ƙanana ba ne.

Wasan bidiyo ba buhun shinkafa ba ne, da za a ce kowane buhu sai an noma shi. Kwafin farko shi ke cin miliyoyi. Na biyu da na miliyan goma kusan a banza suke zuwa, musamman da yake a shekarar kuɗi ta 2024 kimanin kashi uku cikin huɗu na wasannin da aka saya a kan PlayStation ta intanet aka sauke su, babu faifai, babu kwali, babu kuɗin mota. Kaset ɗin 1994 yana da tsada ne saboda kayan lantarkin da ke cikinsa, kuma a wancan zamani wasan da ya sayar da kwafi miliyan ɗaya sai a yi masa biki. Shi kuwa Black Ops Cold War da aka ce ya ci Dala miliyan 700, takardar kotun nan ta nuna ya sayar da kwafi miliyan 30. Grand Theft Auto V na kamfanin Rockstar, wanda rahotanni suka ce an kashe masa kimanin Dala miliyan 265, ya tara Dala miliyan dubu ɗaya cikin kwana uku da fitowarsa a watan Satumba na 2013, kuma zuwa 2024 ya sayar da fiye da kwafi miliyan 200. Farashi bai motsa ba, gaskiya ne, amma kasuwar ta ninka sau da yawa.

Haka kuma, kuɗin da aka rubuta a jikin wasa ba shi ne ƙarshen biya ba, kuɗin shiga ƙofa ne kawai. Akwai bugu na musamman da ake sayarwa Dala 100 ga mai son ya riga jama'a farawa da 'yan kwanaki, akwai kuɗin wata-wata kafin a bar mutum ya kara da abokan hamayya ta intanet, akwai kuma ciniki a cikin wasan kansa. Kamfanin EA ya bayyana cewa a shekarar kuɗi da ta ƙare a watan Maris na 2021 ya samu Dala miliyan 1,620 daga sashen Ultimate Team kaɗai, mafi yawa daga wasan ƙwallon ƙafa. A wannan sashe mutum kan sayi ƙunshin katunan 'yan wasa ba tare da ya san wanda ke ciki ba, abin da ya sa hukumomin ƙasar Beljiyam suka sanya irin wannan ciniki a sahun caca tun a 2018. A watan Satumba na 2025 aka ba da sanarwar cewa asusun zuba jari na gwamnatin Saudiyya da wasu abokan hulɗarsa za su sayi EA ɗin a kan Dala miliyan dubu 55. Ba a zuba irin wannan dukiya a sana'ar da ke kuka da yunwa.

Abin da ya fi raunana hujjar kamfanonin shi ne halin masu saye. Mai saye ba ya tambayar nawa aka kashe, daɗin da zai ji yake biya. Concord Dala 40 aka sa masa, aka kuma ƙi shi. A shekarar 2025 kuwa, wani ƙaramin kamfani na garin Montpellier a Faransa, Sandfall Interactive, ya fito da Clair Obscur: Expedition 33 a kan Dala 50. Masu shi sun ce abin da suka kashe bai kai Dala miliyan 10 ba, amma ya sayar da kwafi miliyan biyar cikin wata shida, ya kuma lashe kambun gwarzon wasan shekara a watan Disamba. A watan Satumba, wasu 'yan tsirarun mutane na kamfanin Team Cherry a Ostireliya suka saki Hollow Knight: Silksong a kan Dala 20, jama'a suka yi masa rububin da ya sa kantunan intanet suka cushe na wani lokaci.

Microsoft ya ɗanɗana wannan darasi a bainar jama'a. A watan Mayu na 2025 ya ce wasu manyan wasanninsa za su koma Dala 80, ya kuma fara da The Outer Worlds 2. Masu saye suka yi ca, kafin ƙarshen watan Yuli kamfanin ya sallama a Dala 70, ya mayar da cikon ga waɗanda suka riga suka biya. A tsakanin nan ne Mista Randy Pitchford, shugaban kamfanin Gearbox, ya jawo wa kansa tofin Allah tsine da ya ce mai ƙaunar wasan Borderlands 4 na gaskiya zai san yadda zai yi ya nemo kuɗin ko da an sa Dala 80. Da aka zo yanke farashi, Dala 70 aka sa.

Shi kuwa Nintendo bai ja da baya ba, kuma a nan ne gaskiyar lamarin ta fito. Ba a san Mario Kart da cin ɗaruruwan miliyoyi irin na Spider-Man ba. Abin da yake da shi farin jini ne, domin wanda ya gabace shi, Mario Kart 8 Deluxe, ya sayar da fiye da kwafi miliyan 60. Shugaban reshen kamfanin na Amurka a lokacin, Mista Doug Bowser, ya ce tsarinsu shi ne kowane wasa a duba shi a yanke masa nasa farashin. Ma'ana dai, ba yawan kuɗin da aka kashe ke ɗaga farashi ba, ƙarfin suna ne. Wanda ya san ba a iya haƙura da hajarsa shi ke cewa albarka, wanda bai tabbata ba ya sallama. Babu laifi a wannan, haka kowace kasuwa take, amma bai kamata a lulluɓe shi da rigar hauhawar farashi ba. Kamfanin da ya ga dama ya ɗauki ma'aikata dubu ya shekara bakwai yana ƙawata hoto, shawararsa ce, ba bashi ba ne a kan mai saye.

Ga mutumin Bwari kuwa, bambancin Dala 70 da 80 ba shi ne babbar matsala ba. Matsalar ita ce farashin ƙasashe masu arziki yake biya. Mafi ƙarancin albashi na tarayya a Amurka, wanda aka tsayar a 2009, Dala 7 da santi 25 ne a awa, ke nan ma'aikacin da ya fi kowa ƙarancin albashi a can zai sayi wasan Dala 70 da aikin da bai cika awa goma ba. Takwaransa na Nijeriya, a canjin Naira 1,500, sai ya ba da Naira 105,000, albashin wata ɗaya da rabi cif, bai ci ba bai sha ba.

Ko wanda ke da kuɗin ma ba a buɗe masa ƙofa ba. A duk Afirka kudu da Sahara, ƙasar Afirka ta Kudu ce kaɗai Sony ya buɗe wa kantinsa na intanet a hukumance, saboda haka ɗan Nijeriya kan yi rajista ne da adireshin Amurka ko Ingila, ya sayi katin sayayya na Dala ko Fam daga hannun 'yan kasuwa, su ma su ɗora tasu ribar. Wannan giɓi ya fito fili a watan Mayu na 2024, lokacin da Sony ya ce dole masu buga Helldivers 2 a kwamfuta su yi rajista da shi, aka kuma daina sayar da wasan a ƙasashe da yankuna 177 da ba su da wannan dama. Sai a watan Yuni na 2025 aka ɗage takunkumin a yawancinsu. A gida kuma, a 2022 bankunan Nijeriya suka rage abin da za a iya kashewa a waje da katin Naira zuwa Dala 20 a wata, daga baya da damansu suka dakatar da shi ɗungurungum, sai a tsakiyar 2025 wasu suka dawo da shi. Kafin nan Babban Banki ya saki Naira a watan Yuni na 2023, Dala ta tashi daga kimanin Naira 460 a farashin gwamnati, ta haura Naira 1,500 a watan Fabrairu na 2024. Ba tare da wani kamfani ya ƙara ko santi ba, farashin kowane wasa ya ninka.

Lissafin mai gidan gem yana da ban sha'awa, domin ya nuna inda gizo ke saƙa. A ɗauka, don misali, yana karɓar Naira 200 a kowane wasa. Kafin ya mayar da Naira 105,000 na sabon wasan ƙwallo sai an buga sau 525, ƙarin Dala 10 kuma yana nufin ƙarin wasa 75. Da nauyi, amma sau ɗaya ne a shekara. Man fetur kuwa kullum ne. Bayan janye tallafi a ranar 29 ga Mayu na 2023, lita ta tashi a Abuja daga ƙasa da Naira 200 zuwa Naira 537, ta kuma haura Naira 1,000 a watan Oktoba na 2024. Idan janareta na shan lita huɗu a rana a kan Naira 900, kuɗin mai na wata guda ya kai Naira 108,000. Wato kowane wata mai shago yana ƙona kuɗin sabon wasa guda a cikin janareta. Ba ya kuma iya ƙara kuɗin wasa yadda ya so, domin abokan cinikinsa ɗalibai ne da 'yan koyon sana'a, waɗanda Naira hamsin ke iya mayar da su shagon maƙwabci.

Da yake mai da haya ba sa jira, wasan ne ake danne wa haƙƙi. Wasu kan ci gaba da na bara, a sabunta sunayen 'yan wasa da rigunansu ta bayan gida. Wasu kan haɗa kuɗi su yi tarayya a rajista ɗaya. Wasu kuma kan kai na'urar a fasa makullinta a loda mata wasanni barkatai a kan kuɗi kaɗan, duk da cewa Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a watan Maris na 2023, ta haramta fasa irin waɗannan makullai. A duk hanyoyin nan uku, abin da ke isa ga kamfanin da ya ƙera wasan kaɗan ne ko babu. Masu shirya finafinan Hausa sun san wannan labari ciki da bai: satar fasaha da masu tura finafinai a waya su suka durƙusar da cinikin faifai a Ƙofar Wambai ta Kano, kuma kame da ƙone faifai ba su dawo da shi ba, sai da sana'ar ta sake lale, ta koma shirye-shirye masu dogon zango a YouTube da tashar Arewa24, inda mai kallo ba ya biyan kuɗi a ƙofa.

Mafi yawan matasa ma sun riga sun yi ƙaura zuwa wayar hannu. Wani bincike da kamfanin Newzoo ya yi tare da Carry1st ya nuna cewa masu buga wasanni a Afirka kudu da Sahara sun ƙaru daga miliyan 77 a 2015 zuwa miliyan 186 a 2021, kuma kashi 95 cikin ɗari a waya suke bugawa. Wasannin da suka fi karɓuwa, irin su Free Fire da PUBG Mobile da Call of Duty na waya, kyauta ake sauke su, sai wanda ya ga dama ya sayi riga ko makami a ciki da 'yan ɗaruruwan Naira. Konami ma ya bi wannan hanya a 2021, ya mayar da wasan ƙwallonsa kyauta da sunan eFootball. Kuɗin da manyan wasanni suka ƙi sunkuyawa su ɗauka, waɗannan ne ke tsince su.

Ba yau aka fara cin kasuwar Nijeriya ta haka ba. A 1993 aka shigo da madarar Cowbell a ƙananan ƙulli, a lokacin da sauran kamfanoni suka nace wa gwangwani, ta kuwa shiga gidajen da ba su taɓa sayen gwangwanin ba. A 2003 kamfanin Globacom ya fara cajin kiran waya da daƙiƙa maimakon minti, abokan hamayyarsa da suka ce abin ba zai yiwu nan kusa ba suka bi shi cikin gaggawa. Mai gidan gem na Bwari wannan dabara yake yi, sai dai da jarinsa da kasadarsa, ba tare da wata yarjejeniya da masu wasan ba.

Akwai hanyar da aka gwada a wasu wurare, ta yanke wa kowane yanki farashi daidai ƙarfinsa. Kantin Steam na kamfanin Valve, wanda ke sayar da wasannin kwamfuta, ya daɗe yana ba masu wasanni damar rage farashi a ƙasashe irin su Indiya da Brazil da Turkiyya da Ajantina. Tsarin yana da nasa ciwon kai: mutanen ƙasashe masu arziki kan ɓad da sawu ta intanet su saya a kasuwar talakawa, kuma faɗuwar darajar kuɗi kan rikita lissafi, har ta kai a watan Nuwamba na 2023 Valve ya daina karɓar kuɗin Turkiyya da na Ajantina, ya koma Dala, amma da rangwamen yanki. Duk da haka, kwafin da aka sayar a rabin kuɗi a Abuja riba ce tsantsa ga kamfanin da ba ya samun komai a can. Alamu sun nuna Sony ya fara hango haka, domin a watan Janairu na 2024 ya zuba jari a Carry1st, kamfanin da ke birnin Cape Town wanda ya ƙware wajen karɓar kuɗin wasanni ta hanyoyin biya na cikin gida. A Legas kuma kamfanin Maliyo Games, wanda Mista Hugo Obi ya kafa a 2012, ya haɗa gwiwa da Disney ya fito da wasan waya na Iwájú a 2024.

Idon masu sana'ar duka yana kan Grand Theft Auto VI. A watan Janairu na 2025 wani mai sharhi a kan harkar, Mista Matthew Ball, ya rubuta cewa akwai masu fatan a sa masa tsakanin Dala 80 da 100, domin sauran kamfanoni su samu inuwar fakewa su ɗaga nasu. A watan Nuwamba na 2025 Rockstar ya ɗage fitowar wasan zuwa 19 ga Nuwamba na 2026, kuma na'urorin da aka ambata za su ɗauke shi su ne PlayStation 5 da Xbox Series, ban da PlayStation 4 wadda yawancin ƙananan gidajen gem suka dogara da ita. Kafin mai shago a Kubwa ko Bwari ya kai ga tambayar kuɗin wasan, sai ya fara sayen na'urar, wadda Sony ya ƙara wa Dala 50 a Amurka a watan Agusta na 2025, ta koma Dala 550. A canjin Naira 1,500 kuɗin ya kama Naira 825,000, ban da kuɗin dako da na kwastan, alhali mafi ƙarancin albashi na shekara guda cur Naira 840,000 ne.